Wutar Da Tsawa Ke Kunnawa A Kan Duwatsu

A ƙasarmu, in ka ga daji yana ci da wuta a watan Janairu, ka san da hannun mutum a ciki. Ko mafarauci ne yake korar gafiya da zomo, ko makiyayi ne yake son sabon toho domin shanunsa, ko mai ɗiban zuma ne, ko kuwa matafiyi ne ya yar da guntun taba. Tsawa takan faɗi a wurinmu, har takan kashe mutane da dabbobi, amma ba safai take ta da gobarar daji ba, gama tare da ruwa take zuwa, lokacin da ciyawa take ɗanya shar.

A yammacin ƙasar Amurka abin ba haka yake ba. Can akwai jerin manyan duwatsu da ake kira Roki, waɗanda suka miƙe tun daga Kanada har zuwa kudancin Amurka. Kurmi ya rufe su, galibi na dogayen itatuwan nan masu ganye kamar allura da ake kira fayin, irin waɗanda aka daddasa a wasu wurare a kan tudun Jos. Kowace shekara tsawa tana kunna wuta dubbai a dazuzzukan ƙasar, da yawa kuwa a wuraren da ba gida, ba gona, ba hanyar mota. Tambayar da ta dami ma'aikatan gandun daji na ƙasar fiye da shekara 100 ke nan ita ce, in haka ta faru me ya kamata a yi? A aika da 'ya'yan mutane su kashe wutar, ko a bar ta ta ci? Neman amsar ya ci rayuka da dukiya mai yawa, akwai kuma abin koyo a ciki domin gidajenmu.

Tsawa ba ruwa

A waɗannan duwatsu watannin Yuli da Agusta su ne lokacin zafi da bushewa. Hadari yakan taso da yamma, a yi walƙiya da tsawa, amma iska ta bushe ƙwarai har ruwan da girgije ya saki yakan ƙafe tun bai iso ƙasa ba. Tsawar ce kaɗai take isowa. In ta sauka a kan busasshen itace ko a cikin tarin ganyen da ya zuba, sai wuta ta kama. Wani lokaci ba ta tashi nan da nan. Takan yi kwanaki tana cin ruɓaɓɓen kututture a hankali, ba mai ganinta, sai ranar da iska ta taso sa'an nan ta bayyana.

Kamar yadda tukunya take zama a kan duwatsun murhu uku, haka wuta take tsayawa a kan abu uku, watau zafi, da iska, da abin da za ta ci. Ka janye ɗaya, wuta ta mutu. A cikin gari 'yan kwana-kwana sukan kawar da zafi ta wurin zuba ruwa. A kan dutse mai nisan tafiyar kwana biyu daga hanya ba ruwan da zai isa, saboda haka abincin wutar ake ɗauke mata. Mutane sukan jeru da gatari da shebur da diga, su share wata siririyar hanya kewaye da wutar, su kankare ganye da saiwa har sai sun tarar da jar ƙasa. Wuta in ta iso nan ba abin ci, sai ta tsaya. Bayan haka sukan bi toka da hannu, ba safar hannu, suna taɓawa, domin su tabbata ba sauran garwashi.

Akwai abu biyu da suke sa wutar dutse ta fi ta fili haɗari. Na ɗaya, wuta ta fi gudu in tana hawa, domin zafinta yana riga ta zuwa sama yana busar da abin da ke gabanta, mutum kuwa a hawa ne gudunsa yake raguwa. Na biyu, iska takan ɗauki tartsatsi ta jefa shi nesa, wani lokaci fiye da mil guda, sai sabuwar wuta ta tashi a bayan masu aiki.

Dokar ƙarfe goma na safe

An kafa Hukumar Gandun Daji ta Amurka cikin shekara ta 1905. Tana da shekara biyar ke nan sai babbar masifa ta auko mata. Cikin 1910 an yi fari a jihohin Idaho da Montana, ƙananan wutace barkatai suna ci, waɗansu na tsawa, waɗansu na tartsatsin jirgin ƙasa. Ran 20 da 21 ga Agusta sai guguwa ta taso ta haɗe su wuri ɗaya. Cikin kwana biyu wuta ta cinye wajen eka miliyan 3, mutum fiye da 80 suka mutu, yawancinsu masu kashe wuta ne.

Wani malamin daji mai suna Ed Pulaski yana tare da mutum wajen 45 kusa da garin Wallace sa'ad da wutar ta rutsa da su. Ya kai su cikin wani tsohon ramin haƙar ma'adini, ya tsaya a bakin ramin da bindiga ya hana kowa fita saboda firgita. Yawancinsu suka tsira. Har wa yau kayan aikin da masu kashe wutar daji suka fi riƙewa, mai gatari a gefe ɗaya da fartanya a ɗaya gefen, da sunansa ake kiransa.

Mutanen da suka ga wannan bala'i su ne suka zama shugabannin Hukumar daga baya, ba su kuwa manta ba. A wurinsu kowace wuta abokiyar gāba ce. Aka giggina dakunan tsaro a kan ƙwanƙolin duwatsu, mutum ɗaya ya zauna can dukan lokacin zafi yana duban hayaƙi. In masu tsaro biyu suka hango hayaƙi ɗaya, kowa ya faɗi ta wace fuska yake ganinsa, sai a ja layi biyu a kan taswira, inda suka gamu nan wutar take. Cikin 1935 aka kafa doka cewa duk wutar da aka ba da labarinta, lalle a yi ƙoƙari a shawo kanta kafin ƙarfe goma na safiyar kashegari.

'Yan laima

Doka tana da sauƙin rubutawa, amma ƙaƙa mutum zai kai wurin da sai an yi kwana biyu ana tafiya da ƙafa da alfadarai? Dabarar da aka samo ita ce a sako mutane daga jirgin sama da laima. Ran 12 ga Yuli, 1940, mutum biyu, Rufus Robinson da Earl Cooley, suka yi dirar farko a kan wata wuta a jihar Idaho. Hikimar abin ita ce, mutum biyu ko huɗu da suka iso da wuri, wuta tana ƙarama, sun fi ɗari da za su iso jibi. Akan sako musu kayan aiki da abinci da ruwa da wata laima dabam. In sun gama, sai su ɗauki kayan a baya, nauyin da yakan kai kilo 50, su taka har inda mota za ta same su.

'Yan'uwa na Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya za su so su ji wannan. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu samari sun tafi soja, aikin ya rasa mutane. Akwai kuwa waɗansu samari Kirista da lamirinsu bai yarda su ɗauki makami ba, daga cikin Menonawa, da Kwekawa, da Ekklesiyar 'Yan'uwa, watau ita wadda ta aiko da masu bishara Garkida cikin 1923. Gwamnati ta ba su aikin farar hula maimakon soja. Daga 1943 zuwa 1945 fiye da 200 daga cikinsu suka ba da kansu ga aikin dira da laima a kan wuta, aikin da ke cikin mafi haɗari da aka miƙa musu. Waɗanda suke ce musu matsorata sai suka rasa ta cewa.

Abin da ya faru a Kwarin Mann

Ran 4 ga Agusta, 1949, tsawa ta faɗi a kan duwatsun da ke bakin kogin Misuri a jihar Montana, a wani kwari mai suna Mann Gulch. Kashegari da tsakar rana aka hango hayaƙi. Ranar an yi zafi mai tsanani, ga iska. Jirgi ya tashi daga garin Missoula, mutum 15 suka dira wajen ƙarfe huɗu na yamma. Shugabansu Wagner Dodge, shekararsa 33, sauran kuwa samari ne, ƙaraminsu ɗan shekara 17. Laimar da ta ɗauko rediyonsu ba ta buɗe ba, rediyon ya farfashe, suka zama ba su da hanyar magana da kowa. A ƙasa suka tarar da wani mai gadin daji, James Harrison, wanda ya yi sa'o'i yana fama da wutar shi kaɗai. Suka zama 16.

Wutar tana kan tudun kudu. Dodge ya ga ba ta yi masa kyau ba, sai ya bi da mutanensa ta gefen arewa suka nufi kogi, domin in abu ya ɓaci su sami ruwa a bayansu. Ba su kai ba. Iska ta tsallakar da wutar zuwa gefensu, a ƙasa da su, ta datse hanyar kogin. Gefen nan kuwa busasshiyar ciyawa ce mai tsawo a kan gangare mai tsayi ƙwarai. Wajen ƙarfe shida saura kwata Dodge ya juyo da su suka kama hawa. Da ya ga wutar tana cim musu sai ya ce kowa ya yar da kayan aikinsa.

Da ya tabbata ba za su kai ƙwanƙolin dutsen ba, sai ya yi abin da ba wanda ya taɓa koya musu. Ya tsaya, ya ƙyasta ashana, ya cinna wa ciyawar da ke gabansa wuta. Nan da nan ta cinye wani fili ta yi sama. Ya shiga cikin tokar yana kiran samarin su zo su kwanta tare da shi. Ba wanda ya zo. Ga rurin wuta kamar na jirgi, ga hayaƙi, ga kuma shugabansu yana kunna wata wutar, suka zaci ya zautu, suka wuce shi a guje. Dodge ya jiƙa hankici ya rufe bakinsa, ya kwanta rubda ciki. Babbar wutar ta iso, ba ta sami abin ci a inda yake ba, ta rabu biyu ta wuce.

Samari biyu, Robert Sallee da Walter Rumsey, suka sami wata tsaga a cikin dutse suka kurɗa, suka fake a cikin tsakuwa a ɗaya gefen. Sauran 13 wuta ta cim musu. Goma sha ɗaya suka mutu a nan, biyu suka cika a asibiti kashegari. Agogon Harrison an same shi ya tsaya a kan ƙarfe shida saura minti huɗu. Sai da mutum 450 suka ƙara kwana biyar kafin a shawo kan wutar, bayan ta ci eka 4,500 na dajin da ba gidan kowa a ciki.

Kada mu ga laifin samarin nan. Yawancinsu ba su san Dodge sosai ba, gama ba shi ya horar da su ba a shekarar, ba a kuma taɓa gaya musu mutum yana iya tsira daga wuta ta wurin kunna wuta ba. Hukumar ta koyi darasi. Cikin 1957 ta fitar da dokoki goma na kiyaye rai da kowane mai kashe wuta yake haddacewa, cikinsu har da sanin hanyar gudu da wurin fakewa tun kafin a fara aiki, da sa mai tsaro, da riƙe hanyar magana da juna. Cikin 1960 kuma aka buɗe ɗakin binciken halin wuta a Missoula.

Shaidar itatuwa

Ana cikin wannan yaƙi da wuta, waɗansu masana suka fara lura da wani abu. In aka yanke tsohon itace, akwai zobba a cikin gindinsa, kowane zobe shekara guda. Wutar da ta lashe itacen ba ta kashe shi ba takan bar tabo a zoben shekararta. Da suka ƙidaya sai suka ga a waɗansu kurmi wuta takan bi duk bayan shekara biyar zuwa ashirin, ɗaruruwan shekaru, ta tsawa da kuma wadda mutanen ƙasar na asali suke sawa da gangan. Irin wannan wuta a ƙasa take bi, ta share ganye da ƙirare da ƙananan tsire-tsire, manyan itatuwa masu kaurin ɓawo kuwa ba abin da yake samunsu.

Da aka hana wannan ƙaramar wuta shekara da shekaru, shara ta taru, ƙananan itatuwa suka cunkushe suka zama kamar tsani. Yanzu in wuta ta kama sai ta hau tsanin ta kai kan manyan, ta riƙa tsalle daga kai zuwa kai, irin wutar da ba mahalukin da zai tare ta. Ashe kashe kowace wuta ajiye bashi ne, ranar biya kuwa tana zuwa da ruwa.

Suka kuma gano wani abin mamaki cikin aikin Mahalicci. Akwai wani irin fayin da 'ya'yansa suke rufe cikin kwanso wanda ƙaro ya liƙe. Kwanson yakan yi shekaru a kan reshe bai buɗe ba, sai zafin wuta ya narkar da ƙaron, sa'an nan irin ya zubo a kan toka, inda ga taki ga hasken rana. Itacen da wuta ta kashe, ita ce kuma take shuka 'ya'yansa.

Saboda haka tunani ya fara sakewa. Cikin 1964 aka yi dokar keɓe waɗansu dazuzzuka da za a bar su yadda Allah ya yi su, ba hanyar mota, ba gini, ba inji sai da larura. Kwarin Mann ma yana cikin irinsu yanzu. Cikin 1968 hukumar da ke kula da manyan gandayen shaƙatawa ta yarda a bar waɗansu wutacen tsawa su ci a ƙarƙashin tsaro. Hukumar Gandun Daji ta gwada haka a duwatsun Selway da Bitterroot cikin Agusta 1972. Wutar farko da aka bari ta yi kwana huɗu, ta ci wurin da bai fi faɗin babban ɗaki ba, ta mutu da kanta. Cikin 1978 aka soke dokar ƙarfe goma.

Gwaji mai zafi a Yellowstone

Yellowstone shi ne gandun shaƙatawa na farko a Amurka, an kafa shi cikin 1872, faɗinsa ya fi eka miliyan 2. Daga 1972 zuwa 1987 an bar wutar tsawa 235 ta ci a cikinsa, dukansu a haɗe ba su ci eka 34,000 ba. Ma'aikata suka saki jiki da sabuwar hanyar.

Cikin 1988 aka bar wutacen farko kamar yadda aka saba, da yawa kuwa suka mutu da kansu. Amma ruwan da akan samu a watan Yuli bai zo ba, aka yi bushewar da ba a taɓa rubuta irinta a gandun ba. Ran 21 ga Yuli aka ba da umarni a kashe kowace wuta, amma lokaci ya ƙure. Ran 20 ga Agusta kaɗai iska ta kora wuta ta cinye fiye da eka 150,000. Mutum wajen 25,000, har da sojoji, suka yi aikin, aka kashe kuɗi dala miliyan 120. Sun ceci garuruwa da yawancin gine-gine, amma wutar kanta ba su iya tsayar da ita ba. Ran 11 ga Satumba aka yi ruwa da 'yar dusar ƙanƙara, abin da dubban mutane da jirage suka kāsa sai ga shi ya soma yiwuwa. Wuta ta taɓa wajen eka 794,000, watau kashi 36 cikin 100 na gandun.

Mutanen ƙasar suka husata, jaridu suka ce an bar gandun ya hallaka. Gaskiyar ta fi haka wuyar faɗi. Wutace 42 tsawa ce ta kunna su, amma wadda ta fi duka girma daga guntun tabar wani mai saran itace ta tashi, a wajen iyakar gandun, an kuwa yi ta yaƙi da ita tun ranar farko. Manyan namun daji da suka mutu a cikin gandun wajen 300 ne daga cikin dubbai masu yawa. Da shekara ta kewayo sai furanni suka rufe tokar, 'ya'yan fayin suka tsiro bila haddin. Wanda ya je wurin yau zai ga sabon kurmi ya fi tsayin mutum nesa. Duk da haka gwamnati ta tsananta sharuɗan barin wuta, ta ce lalle a riƙa auna yanayi kowace rana, a kuma tabbata akwai isassun mutane da kayan aiki in abin ya juya.

Yadda ake yanke shawara yanzu

A yau in tsawa ta kunna wuta a irin wannan daji, shugabannin wurin sukan zauna su yi wa kansu tambayoyi. Wane wata ake ciki, saura kwana nawa ruwa ko ƙanƙara su sauka? Itatuwa sun bushe ƙwarai? Ina iska za ta nufa? Akwai gari, ko gada, ko wurin shan ruwan jama'a a gabanta? Hayaƙin zai dami masu ciwon ƙirji a garuruwa? Akwai kogi, ko falalen dutse, ko tsohon wurin da wuta ta riga ta ci, wanda zai tare ta? Tambaya mafi nauyi kuwa ita ce, abin da za a ceta ya isa a sa ran ɗan wani cikin haɗari dominsa?

Tun daga 2009 an yarda a bi da wuta ɗaya ta hanya biyu, a tare ta a gefen da ke fuskantar gari, a bar ta ta yi shara a gefen da ke fuskantar duwatsu. Akan sa 'yan kallo kaɗan a wuri mai tsaro, jirgi yana zagawa yana auna ta. Akan ja layi a taswira a ce in ta ƙetare nan za a aika da mutane. In akwai tsohuwar bukka ko gadar katako akan naɗe ta da wani mayafi mai ƙyalli da ke mayar da zafi. Wutar da mutum ya kunna da ganganci ko sakaci kuwa, kashe ta ake yi.

Har yanzu shawarar ba ta da tabbas. Ran 4 ga Yuli, 2025, tsawa ta kunna wuta a gefen arewa na babban kwazazzabon nan Grand Canyon a jihar Arizona. Da fari aka ce a kewaye ta a bar ta ta ci a cikin iyaka. Bayan mako guda iska mai ƙarfi ta taso, wutar ta ƙetare iyakar, ta ƙone tsohon masaukin baƙi mai tarihi da waɗansu gine-gine da dama, ta ci fiye da eka 140,000. Gardama ta sāke tashi sabuwa. Ga shi kuma lokacin zafi yana ƙara tsawo a yammacin Amurka, mutane kuma suna ƙara gina gidaje a bakin kurmi. In an bar wuta akwai hasara, in an kashe kowace wuta ana tara wa 'ya'ya hasarar da ta fi.

Mu fa?

Dajinmu dabam ne da nasu, amma an taɓa yin irin wannan bincike a Nijeriya. Cikin 1929 malaman daji suka keɓe filaye uku a Olokemeji, yamma da Ibadan. Ɗaya akan ƙone shi da farkon rani, ɗaya da ƙarshen rani, ɗaya kuwa aka hana masa wuta sam. Bayan shekaru masu yawa, wanda aka tsare ya zama kurmi, wanda ake ƙonewa da wuri itatuwansa suka rayu, wanda ake ƙonewa a makare kuwa itatuwansa suka ragu ƙwarai. Wutar kaka, sa'ad da ciyawa take da sauran danshi, lasa take yi. Wutar Fabrairu da Maris, da iskar hunturu a bayanta, ita ce mai kashe kaɗanya da ɗorawa, ta bar ƙasa tsirara ga ruwan farko ya kwashe.

Saboda haka, ya ku magidanta, a share kewayen rumbu da gonar rogo da lambu tun ciyawa ba ta bushe sarai ba. In za a sa wuta, a sa da sanyin yamma ko da sassafe sa'ad da iska ta kwanta, a sanar da maƙwabta da mai unguwa, a tsaya a kanta har ta mutu. A koya wa yara kada su yi tseren hawa tudu da wuta a bayansu, su nemi wurin da ba ciyawa, ko hanya, ko inda ta riga ta ƙone. Kada kuma a sa wa daji wuta saboda gafiya guda. Allah ya sa mutum a gona domin ya nome ta ya kuma kiyaye ta, za mu kuwa ba da lissafi.

Akwai darasi kuma domin zaman gida. Maigida da uwargida da suke binne kowane ɓacin rai, ba a magana, ba a neman gafara, domin kada a ji kansu, suna kama da kurmin da aka hana wa ƙaramar wuta. Shara tana taruwa. Ran da tartsatsi ya faɗa, abin da za a iya gamawa da magana ta minti goma sai ya cinye auren shekara ashirin. Gara a faɗi gaskiya cikin ƙauna tun abin yana ƙarami, a share wurin kafin a kwanta barci. Haka yake tsakanin iyaye da 'ya'ya, haka kuma a cikin majalisar dattawan ekklesiya.

Darasi mafi girma yana wurin da Wagner Dodge ya kwanta. A dukan gangaren nan wuri ɗaya ne wuta ba ta iya taɓawa, watau inda wuta ta riga ta ci. Littafi Mai Tsarki yana koya mana shari'ar Allah a kan zunubi tana zuwa, ba kuwa mai gudun da zai tsere mata da ƙafarsa, ko da kirkinsa, ko da yawan aikinsa a ekklesiya. Amma hukuncin ya riga ya sauka a wuri ɗaya, a kan Yesu Almasihu a bisa gicciye. Wanda ya tsaya a nan ta wurin bangaskiya, hukuncin ba shi da sauran abin ci a kansa. Samarin nan sun ji kiran, amma ba su san mai kiran sosai ba, abin da ya faɗa kuma ya yi musu kama da wauta. Aikinmu ne mu iyaye da malamai mu sa 'ya'yanmu su san muryar Makiyayi tun yau, cikin kwanakin lafiya, domin ran da hayaƙi ya rufe ido su gane ta.

A lokacin addu'ar iyali na wannan mako, a karanta Yakubu sura 3, da Yahaya sura 10, da Romawa sura 8. A tambayi yara abin da ya sa Dodge ya tsira. A kuma yi addu'a domin masu kashe gobara, na can da na nan, da manoman da wutar daji ta cinye musu amfanin gona.